Yadda Za Ki Kai Matan Ƙungiyarku Bikin Kwilt na Birmingham

Kowace shekara, a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ana yin kwana huɗu, Alhamis zuwa Lahadi, ana baje kolin barguna masu ɗinkin ado, wato kwilt, a babbar cibiyar baje koli da ake kira NEC da ke gefen birnin Birmingham a Ingila. Sunan bikin Festival of Quilts. An fara shi a 2003, kuma duk faɗin Turai babu taron masu wannan sana'a da ya kai shi girma. Ni tela ce, a Zariya na koyi taka keke, yanzu ina zaune a Landan, kuma ni nake shirya wa matan ƙungiyarmu ta ɗinki wannan tafiya. 'Yan'uwa daga Manchester da Leicester suna yawan tambayata yadda ake yi, har da masu zuwa hutu daga gida, don haka bari in zayyana shi dalla-dalla.

Ga wadda ba ta taɓa gani ba, kwilt hawa uku ne. Na sama ƙyallaye ne da aka yayyanka aka harhaɗa suka ba da zane, na tsakiya auduga ce shimfiɗaɗɗiya, na ƙasa kuma shafi, sannan a bi su duka ukun da ɗinki ya kama su wuri guda. Duk wadda ta taɓa tsayawa kallon hawan salla ta ga 'yan lifidi ta san wannan dabara, domin lifidi ma yadi ne da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. A can don kare doki da mahayi aka yi shi. A nan don gado ne, ko don a rataye a bango.

Abu guda nake so ki riƙe tun daga yanzu. Mutane za su biya kuɗi, su bar gidajensu tun da asuba, don su tsaya gaban aikin hannun wasu su kalla da kyau. Zauren a buɗe yake kimanin awa bakwai a yini. Mota, layin tikiti, neman abinci, jiran wance, sayayya, duk a cikin awannin nan suke cin rabonsu. Duk shirin da zan faɗa a ƙasa, manufarsa ita ce a rage abin da suke ci, a bar wa ido lokacinsa.

Su wa za su je

Kafin ki nemi farashin komai, ki san mutanenki. Ba adadinsu kaɗai ba. Wa ke da ciwon gwiwa? Wa ke da ciwon suga, dole ta ci abinci a kan lokaci? Wa za ta zo da goyo? Bikin yana faɗowa cikin dogon hutun makaranta na Ingila, saboda haka maganar yara za ta taso ko kin so ko ba ki so ba, gara a yanke ta tun farko. Ni ra'ayina, yarinya 'yar shekara goma da ta fara riƙe allura a zo da ita, za ta ga rukunin gasar yara ta ga abin da sa'anninta suka ɗinka, kuma hakan ya fi duk wata nasiha da za ki yi mata. Amma ɗan shekara uku wahala ce gare shi da uwarsa, a wurin da ba a yarda a taɓa komai ba.

Iyayenmu dattawa su ne ma'aunin tafiyar. NEC wuri ne mai faɗin gaske, tun 1976 aka buɗe shi kuma ana ta ƙara masa zaure, ƙasan kuma siminti ne mai taurin da ke cin ƙafa. Idan akwai Inna ko Hajiya da ba ta iya doguwar tafiya, ana ba da hayar keken guragu da kuma ƙaramin keke mai batir, amma sai an kama tun kafin ranar. Ki tambaye ta a keɓe, ba a cikin taro ba. Da yawa daga cikinsu ba za su ce miki suna buƙata ba. Yadda nake yi shi ne in ce, "Hajiya, na riga na sa a ajiye mana guda ɗaya, in an gaji sai a riƙa karɓa-karɓa." Da haka babu wadda ta ji an nuna ta.

Wace rana

Asabar ce kowa zai fara cewa, saboda aiki. Asabar kuma ita ce ranar cunkoso. Alhamis ma tana cika da safe, domin riƙaƙƙun masu sana'ar suna rige-rigen zuwa kafin kaya masu kyau su ƙare a rumfuna. Juma'a sai ki yi la'akari da mazan da za su raka ku ko su tuƙa ku, za su so su sami jam'i, kuma masallatan Juma'a suna cikin gari, ba a NEC ba. Lahadi ta fi sauƙin numfashi, kuma da yamma wasu 'yan kasuwa kan sassauta farashi don kada su koma da kaya, sai dai ana tashi da ɗan wuri. In da dattawa a ayarinku, Lahadi nake zaɓa. In matasa ne masu son shiga aji, duk ranar da ajin da suke so ya faɗo.

Kwana ɗaya ko biyu? Gaskiya yini ɗaya ba ya isa a ga komai. Amma kwana yana ninka kuɗi, kuma ba kowace mace za ta iya barin gida ta kwana waje ba. A tafiyar farko ku yi jeka-ka-dawo. Waɗanda abin ya shiga ransu, su da kansu za su nemi a kwana a shekara mai zuwa. In kuwa za a kwana, otal-otal ɗin da ke cikin harabar NEC suna cika watanni kafin bikin, kuma suna tsada a wannan mako. Masu sauƙi suna Coventry ko tsakiyar Birmingham, duk jirgin ƙasa na 'yan mintoci ne tsakaninsu da wurin.

Kuɗi

A nan zumunci ke lalacewa, don haka zan ɗan daɗe.

Kada ki taɓa sa kuɗinki ki saya wa mutane tikiti a kan alkawarin baki. "In sha Allahu ina ciki" addu'a ce mai kyau, amma kamfanin mota ba zai karɓe ta ba. Sunan mace yana shiga takarda ne ranar da ta ba da kafin alƙalami, kuma kowa ta ji tun ranar farko cewa wannan kuɗin ba ya dawowa, sai dai in ta samo wadda za ta maye kujerarta. Ki faɗa a taro, ki kuma rubuta a zauren WhatsApp ɗinku, don kada daga baya a ce ba a ji ba.

Mai shirya tafiya daban, ma'aji daban. Ki samu mace ɗaya mai amana da haƙurin lissafi ta riƙe kuɗin, duk wata ta sanar da abin da ya shigo da abin da ya fita. Wannan kariya ce gare ki, kuma yana ba ki damar yi wa mutane tuni ba tare da an ce kina bin bashin kanki ba.

Mu adashi muke yi. Daga Fabrairu zuwa Yuni kowa tana zuba wani abu kaɗan duk wata, sai ya zama lokacin da za a biya mota da tikiti kuɗin yana hannu, babu wadda aka ɗora wa nauyi a tashi ɗaya. Hanya ce da kowa ta saba da ita tun daga gida, ba ta buƙatar dogon bayani.

Ga inda lissafi ke yawan karkacewa. A ce an yi miki farashin doguwar bas fam 900, kujerunta 49. Kada ki raba 900 gida 49 ki ce wa mutane fam 18 ne da 'yan kai. Ba za ta cika ba. Ki raba da adadin da kike da yaƙinin za su zo, misali 35, ya zama fam 26. In Allah ya sa aka fi haka, rarar ta tafi a ruwan sha da ɗan ihsanin direba, ko a mayar wa kowa canjinta a mota. Mayar da canji yana da daɗi. Komawa neman ciko ana saura mako ɗaya ba shi da daɗi ko kaɗan.

Tikitin shiga ya fi araha in an saya tun da wuri ta intanet, kuma masu shirya bikin kan yi rangwame ga ayari. Ki duba shafinsu na wannan shekarar ki ga mutum nawa suke kira ayari, domin wani lokaci ƙarin mutum ɗaya ko biyu ne zai sauke wa kowa farashi. Sannan a cikin lissafin ki ɓoye kujera ɗaya ko biyu ga 'yar'uwar da kin san tana so amma hali bai ba ta ba, ɗaliba ko wadda ke tsakanin aiki da aiki. Ke da ma'aji kaɗai za ku san ko wace ce.

Mota ko jirgi

Adadinku ne zai yanke wannan.

In ba ku kai goma ba, jirgin ƙasa ya fi. Daga tashar Euston a Landan, mai sauri yana kai ku cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, mai tsaye-tsaye kuma ya fi daɗewa amma ya fi araha. Tikiti mai rahusa yakan fito kamar mako goma sha biyu kafin ranar tafiya. Akwai tsarin GroupSave, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku ga manya uku zuwa tara masu tafiya tare a lokacin da ba na cunkoso ba, sai dai ba kowane kamfanin jirgi ke karɓarsa ba, kuma sharaɗinsa shi ne ku tafi tare ku dawo tare. Wadda ta kai shekara 60 tana iya yin katin rangwamen dattawa, shi ma kashi ɗaya cikin uku yake ragewa.

Ki nanata wa kowa sunan tashar sauka: Birmingham International. Ba New Street ba. New Street tsakiyar gari ce, wadda ta zarce can sai ta sake hawa wani jirgi ta dawo baya. Daga International akwai rufaffiyar gada da ke shiga NEC kai tsaye, ko ruwa ake yi ba zai taɓa ku ba, amma tafiya ce mai ɗan tsawo, ki ware mata kwata ɗin awa in kuna da dattawa.

In kun kai ashirin da biyar zuwa sama, ku ɗauki shatar doguwar bas. Amfaninta ba a tafiya ba ne, a dawowa ne, lokacin da kowa ta gaji kuma hannunta cike da kaya. Ki nemi farashi a rubuce daga kamfani uku, ki tambaye su ko kuɗin ajiye mota a NEC yana ciki, ko akwai banɗaki a motar, da kuma ƙarfe nawa dole direba ya kama hanyar dawowa. Doka ta ƙayyade masa: bayan tuƙin awa huɗu da rabi sai ya huta minti 45, kuma yinin aikinsa gaba ɗaya yana da iyaka. Saboda haka in ya ce ƙarfe shida za a tashi, ba taurin kai ba ne. Daga Landan ki ƙiyasta awa biyu da rabi zuwa uku, a fita a mahaɗa ta 6 a kan babbar hanyar M42.

Wurin ɗauka ya zama ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kowa za ta so a biyo ta ƙofar gidanta, kuma kowane tsayi yana cin minti ashirin daga lokacin kallo.

Tsakanin goma da ashirin da biyar ne ake shiga tsaka mai wuya. A nan ne wani bawan Allah zai ce zai ari ƙaramar bas ya tuƙa ku don Allah. Ki gode masa, sannan ki tambayi lasisinsa. Motar da ke ɗaukar fasinja 9 zuwa 16 tana buƙatar lasisi ajin D1, in ban da wasu sharuɗɗa masu tsauri da aka yi wa masu aikin sa kai. In babu tabbas, ƙananan motoci uku ko huɗu sun fi kwanciyar rai, a biya kuɗin ajiye su tun daga gida.

Maganar lokaci kuwa, in motar ƙarfe 6:30 za ta tashi, ki ce 6:30, kuma ta tashi 6:30. Kada ki faɗi lokacin ƙarya don ki yi maganin masu latti, domin waɗanda suka zo a kan kari su kike hukuntawa. Ki faɗa da murmushi tun wata guda kafin ranar cewa motar ba ta jira, kuma jirgin Euston yana nan ga wadda ta makara.

Salla da ciki

A wannan lokaci na shekara yini yana da tsawo a Ingila. A Birmingham azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya da kwata, la'asar bayan biyar, magariba kuwa sai wajen tara na dare. Wato azahar ce kaɗai za ta same ku a tsakiyar kallo, la'asar tana zuwa daidai lokacin tashi. Akwai ɗakin da aka ware don ibada a NEC, da shigarki ki tambayi ma'aikata inda yake ki sanar da kowa, ku riƙa zuwa uku-uku ko huɗu-huɗu. Kowa ta sa ƙaramar sallaya mai naɗewa da gorar ruwa a jaka, domin babu buta a banɗakunansu. Daga Landan ko Manchester nisan ya wuce na ƙasaru. Wadda ke son ta yi ƙasaru ko ta haɗa salloli ta tambayi malaminta tun a gida, kada a mai da cikin mota wurin muhawara.

Abincin cikin zaure yana da tsada, layinsa dogo ne tsakanin sha biyu da biyu, kuma na halal ba shi da yawa. Ku yi guzuri. Abin da ba ya zuba, ba ya maiƙo sosai: dambun nama, cincin, dabino, gurasa, dafaffen ƙwai, ayaba. Shinkafa da miya a bar su a mota don dawowa. Zoɓo yana da daɗi a zafin Agusta, amma ki tuna launinsa, ki tuna kuma za ku ratsa tsakanin fararen barguna da wasu suka shekara suna ɗinkawa. A sha shi a wurin zama, a rufe gora sosai, a wanke hannu kafin a koma.

In kuna son ku ci abinci mai zafi tare kafin ku kama hanya, titin Coventry Road a unguwar Small Heath cike yake da gidajen abinci na halal, kuma yana kan hanyar shiga gari daga NEC. Ki kira su tun ana saura mako, mutum talatin ba sa faɗa wa gidan abinci ba sanarwa. Ki kuma sani cewa tun 2021 tsakiyar Birmingham, cikin da'irar titin Middleway, tana cajin tsofaffin motoci masu hayaƙi: fam 8 a yini ga ƙaramar mota, fam 50 ga doguwar bas. NEC tana wajen wannan da'ira.

Cikin zaure

Kada ku yi yawo a dunƙule. Mata talatin ba za su iya tsayawa gaban kwilt ɗaya ba, za ku toshe hanya, kuma rabinku za su ƙare da kallon bayan ɗankwalin juna. Tun a mota ki raba mutane uku-uku ko huɗu-huɗu, ki haɗa masu saurin tafiya wuri ɗaya, masu natsuwa wuri ɗaya. A kowane rukuni a sami mai jin Turanci sosai da mai cajin waya. Da an shiga, ku tsaya gaba ɗaya a wuri guda mai alama, kowa ta ɗauki hoton lambar zauren, a ce nan za a haɗu ƙarfe ɗaya, nan kuma za a haɗu rabin awa kafin tashin mota. Haɗuwa biyu sun isa. Waya tana yawan ƙin shiga in jama'a ta cika, saboda haka ki rubuta lokutan a 'yar takarda ki ba kowa.

Sannan dokar da na fi dagewa a kanta: kallo da safe, sayayya bayan azahar. Rumfunan 'yan kasuwa ɗaruruwa ne, kuma su za ki fara cin karo da su. Wadda ta fara da su, sai ƙarfe uku ta farga, hannu ya yi nauyi, ƙafa ta mutu, ba ta ga abin da ya kawo ta ba. Ku sayi littafin bikin a ƙofa, akwai taswira a ciki, ku wuce kai tsaye wurin gasa tun ido yana da ƙarfi.

Gasar rukuni-rukuni ce. Akwai na gargajiya, na zamani, masu siffar hoto, ƙanana ƙwarai waɗanda ba su fi tafin hannu biyu ba, na haɗin gwiwar mutum biyu, na ƙungiya, na sababbin shiga, na yara. Ki gaya wa mutanenki kada su yi ƙoƙarin ganin duka. Kowa ta zaɓi guda biyar a yinin da za ta ba su lokaci na gaske. Ta fara tsayawa nesa, taku shida ko bakwai, ta ga yadda haske da duhu suka raba fili. Sannan ta matso har ta ga zare. Shin kusurwoyin sun haɗu baki da baki? A wannan sana'a rubu'in inci ake bari a bakin ɗinki, kuma kuskuren da bai kai kaurin zare biyu ba, in ya maimaitu sau arba'in, sai ya karkatar da bargo gaba ɗaya. Ɗinkin saman na hannu ne ko na keke? Ya bi zanen ƙyallen, ko ya yi nasa zanen daban a kansa? Ta karanta 'yar takardar da ke gefe, a nan mai aikin ke faɗin abin da ya sa ta yi shi, kuma wani lokaci za ki tarar da rigunan mijinta da ya rasu ta yayyanka.

Ba a taɓawa, ko da ɗan yatsa. Hannun tela da kansa yake miƙewa in ya ga yadi, saboda haka ki faɗa a mota, ki sake faɗa a ƙofa. Akwai masu kula sanye da farar safar hannu, in kin roƙe su za su ɗaga miki gefen kwilt ki ga bayansa. Ku roƙa. A baya ne ake ganin gaskiyar ɗinki, inda aka ƙulla zare da inda aka ɓoye shi. Hoto kuwa, a wurin gasa galibi babu laifi in don kanki ne, amma a ɗakunan da aka keɓe wa fitattun masu zane sai an nemi izini. In za ki sa a Facebook, ki ɗauki takardar sunan mai aikin ki haɗa. Haƙƙinta ne.

Akwai wurare biyu da nake tura kowa. Na farko wurin ƙungiyar Quilters' Guild, wadda aka kafa a 1979, take kuma adana tsofaffin ayyukan ƙasar, ciki har da wani mayafin siliki mai ɗauke da shekarar 1718 wanda aka harhaɗa a kan takarda. Sukan kawo wasu daga cikin taskarsu. In kin yi sa'a za ki ga irin na Wales da na Durham, waɗanda yadi ɗaya ne fili babu haɗi, duk adon a ɗinkin yake, ganye da igiya da fuka-fuki, aikin da matan masu haƙar kwal suka riƙa ciyar da gida da shi a lokacin matsi. Duk wadda ta girma tana ganin masu surfani suna zaune a zaure suna fitar da aska takwas a kan babbar riga, fari a kan fari, za ta daɗe a wurin nan. Na biyu rumfunan kayan Japan, masu shuɗin baba da farin zare. Rini ɗaya ne da na karofin Ƙofar Mata a Kano, hannu ne ya bambanta, kuma yana da kyau 'yan matanmu da aka haifa a nan su ga yadda duniya ke girmama shi.

Ana kuma yin ajujuwa, daga na awa ɗaya zuwa na yini guda. Kuɗinsu daban ne da na shiga, kuma masu kyau suna cika tun watanni kafin bikin. Kada ki yi ƙoƙarin sa kowa a aji ɗaya. Mace biyu su shiga wannan, biyu su shiga wancan, in an dawo kowa ta koyar da saura. Kuɗi kaɗan, ilimi ninki.

Sayayya

Kowa ta yanke wa kanta iyaka tun daga gida, ta rubuta abin da take nema. Yawancin rumfuna kati suke karɓa, kuma kati ba ya nuna miki jaka ta yi sauƙi. Za ki ga ana sayar da yadi a yanka da suke kira fat quarter, rubu'in mita ne da aka yanka da faɗi, kimanin santimita 50 da 55. Suna da ban sha'awa a jere, amma ni ba su nake ba mutanenmu shawarar saya ba. Ƙyalle muna da shi. Ragowar atamfa da shadda da ke cike da buhu a ƙarƙashin teburin kowace tela auduga ce mai kyau, kuma za ki ga irinta a can an yayyanka ƙanana ana sayarwa da daraja. Abin da ba mu da shi kayan aiki ne: wuƙar yanka mai zagaye irin ta Olfa, tabarmar yanka, faffaɗar rula mai inci, ƙafar keke mai ba da rubu'in inci, ƙafar da ke jan hawa uku tare, da audugar tsakiya. Waɗannan ukun farko su ne ke mai da aikin mako guda ya zama na yini.

Kamfanonin keke irin su Janome, Bernina, Brother da Juki suna kafa rumfa, kuma suna barin mutum ya zauna ya gwada. Wadda ke da niyyar saya ta zo da ƙyallenta, musamman shadda mai ƙarfi, ta ga yadda keken zai yi da shi. A ce su kai gida, kada a ɗora wa bas.

Masu zuwa daga gida

In akwai 'yar'uwa da za ta taso daga Kano ko Kaduna ko Abuja, bizar baƙunci za ta nema. Ana iya nema tun ana saura wata uku, kuma bazara lokacin cunkoso ne, kada ta jira. Kada ki sa ta a lissafin mota sai biza ta fito. Filin jirgin saman Birmingham yana maƙwabtaka da NEC, akwai ɗan jirgin ƙasa na kyauta da ke haɗa shi da tashar International cikin minti biyu. Ta sa wuƙar yanka da manyan almakasai a akwatin da za a auna, ba a jakar hannu ba. Ta san cewa tun farkon 2021 Birtaniya ta daina mayar wa baƙi harajin kayan da suka saya suka fita da su a akwati. Labari mai daɗi shi ne keken da aka saya a Ingila bakin wayarsa da ƙarfin wutarsa ɗaya ne da na Najeriya, sai dai ta haɗa shi da abin daidaita wuta. Mutanen Nijar su sai sun nemi mahaɗi, domin bakin soket ɗinsu daban ne.

Dawowa

A ƙirga mutane da suna, daga takarda, kafin mota ta motsa. Kada a ce "kowa ta duba ta kusa da ita." Ki ajiye ruwa da ɗan abin taɓawa na musamman don wannan lokaci, domin kowa za ta shigo a galabaice. Ki tabbatar duk wadda za a sauke da dare akwai mai tarbarta ko motar da za ta ƙarasa da ita gida.

Tun kafin a watse ki sa ranar haɗuwa, kada ta wuce mako biyu. Kowa ta zo da hotunan guda biyar ɗin da ta zaɓa da kayan da ta saya, waɗanda suka shiga aji su nuna abin da suka koyo, ma'aji ta karanta lissafi har ƙarshensa. A wannan zama ne za ki kawo maganar rukunin ƙungiya, domin gasar a buɗe take ga kowa, ba sai ƙwararru ba. In mata goma sha biyu kowa ta ɗinka murabba'i ɗaya mai inci 12 daga ragowar atamfarta, an sami fuskar bargo, uku a faɗi huɗu a tsawo. A yanke launi biyu ko uku da kowa za ta bi, a wanke ƙyallayen tukuna don kada wani ya zuba a kan wani, mace ɗaya mai daidaitaccen hannu ta harhaɗa. Ana rufe karɓar sunayen masu shiga gasa watanni kafin bikin, saboda haka ku sa wa kanku a gama kafin ƙarshen Maris, kuma kada a manta da ɗinka aljihun rataya mai faɗin inci 4 a bayansa daga sama, domin ta nan ake zura sandar da za a rataye shi.